Babi na Bakwai: Zaman Jira a Bole

Babu jirgin da ke tashi daga Kano ya dire a Guangzhou kai tsaye. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai je sarin yadi ya san haka. Mai kai mahaifinsa asibiti a Indiya, da ɗalibar da za ta koma karatu Malesiya, su ma sai sun yada zango a wani wuri, su sauka daga wannan jirgi su jira wancan. Wuraren zangon mutanenmu ba su da yawa: Addis Ababa, Alƙahira, Doha, Dubai, Santambul, Kasabalanka. A kan Addis Ababa zan fi tsayawa, domin jiragen Ethiopian Airlines suna zuwa Kano da Abuja da Legas da Yamai da Njamena, kuma idan dare ya yi filin jirginta na Bole ya cika, da wuya ka daɗe a kujera ba ka ji wani yana waya da Hausa ba.

Kafin mu zo kan yadda ake cinye sa'o'in jira, ya kamata mai karatu ya san abin da ya haifar da jiran. An kafa kamfanin jirgin Habasha a ƙarshen 1945, ya fara jigila a watan Afrilun 1946 da tafiya zuwa Alƙahira. Abin da ya mayar da shi kamfanin jirgi mafi girma a Afirka tsari ne da duk wanda ya san tashar mota zai gane: ƙananan motoci suna kwaso fasinja daga ƙauyuka, a tara su a tasha ɗaya, sannan babbar mota ta cika ta ɗauki hanya. Fasinjojin Kano kaɗai ba za su cika jirgin Sin kowace rana ba. Amma idan aka haɗa na Kano da na Duwala da na Lusaka da na Akara, jirgi ya cika. Saboda haka jirage suke shigowa Bole rukuni-rukuni. Da yamma zuwa farkon dare na garuruwan Afirka suke sauka, kafin tsakar dare da bayanta kaɗan na Turai da Asiya su tashi. Da asuba na Turai da Asiya su dawo, da hantsi na Afirka su watse. Wanda jirginsa ya dace da rukuninsa, awa biyu ko uku zai yi ya wuce. Wanda bai dace ba, ko dai don jirginsa ya makara ko don haka tikitinsa yake tun asali, sai ya jira rukuni na gaba, wani lokaci har gobe war haka.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo. Idan ka duba farashin tikiti a intanet, sau da yawa za ka ga mafi araha shi ne mai dogon zango. Kamfani ya san masu sauri za su biya tsada don su wuce da wuri, don haka yake rage wa wanda ya yarda ya zauna. Ciniki ne aka yi da kai: ka sayar da awa goma sha biyu na rayuwarka, an biya ka da ragi. Ban ga aibin wannan ciniki ba, ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa yana iya cin riba a ciki. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya ƙulla shi ido rufe, bai lissafa abincin da zai saya da dala ba, bai lissafa ranar aikin da zai rasa saboda gajiya ba, bai kuma tambayi abin da kamfani ya ɗaukar masa alkawari ba. Araha ba ta ado.

Akwai lokacin da mu ne muke karɓar masu jira. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, kuma a shekarun 1950, sa'ad da jirage ba sa iya dogon zango ba tare da ƙara mai ba, Kano ce matsayar masu tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka. Turawa sun sha zama a filin jirgin Kano suna fifita, suna jiran a gama ɗura mai. Da aka ƙera jirage masu cin dogon zango, sai suka riƙa wuce mu ta sama. Garuruwan da suka ci gajiyar sabon zamanin su ne waɗanda suka gina kamfanin jirgi na kansu suka riƙe shi da kyau.

Rabin daɗin zango ko wahalarsa tun a gida ake yanke shi, ranar sayen tikiti. Tambaya ta farko ga mai sayar maka: tikiti ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ko guda biyu aka haɗa? Idan ɗaya ne, kayanka za su wuce da kansu har inda za ka, kuma idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, nauyin kamfani ne ya sa ka a wani. Idan biyu ne, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba. Kana iya buƙatar ka fita ka karɓi kaya ka sake kai su awo, wanda ke nufin sai ka ratsa ta gaban jami'an shige da fice, wanda kuma ke nufin biza. Mutane da yawa a teburin awon kaya suke fara jin wannan labari, lokacin da babu sauran gyara.

Maganar biza ba wasa ba ce ga mai koren fasfo. Najeriya da Ghana suna cikin jerin ƙasashen da 'yan ƙasarsu ke buƙatar bizar ratse kafin su sauya jirgi a ƙasashen Turai na yankin Shengen, ko da ba za su taka waje ba, sai fa wanda ke riƙe da wata biza ko takardar zama da dokar ta yafe wa. Ingila ma tana da irin tata. Amurka kuwa ba ta da wurin ratse kwata-kwata, duk wanda ya sauka sai ya shiga ƙasa, don haka sai da biza. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa mutanenmu suka fi bin Addis da Doha da Alƙahira. Dokokin nan suna sauyawa, a duba su a makon tafiya, kada a dogara da abin da maƙwabci ya gani shekara uku da suka wuce.

Sai abin da ake binka bashi. Ethiopian Airlines na ba da ɗakin otal da abinci da motar kai da kawowa ga fasinjan da zangonsa ya kai awa 8 zuwa 24, bisa sharuɗɗa, babba daga cikinsu shi ne ya zamana babu wani jirgi da ya fi kusa da zai iya ɗaukarsa. Kamfanin ya buɗe otal ɗinsa na Skylight daf da filin jirgin a 2019. Turkish Airlines kuma tana da tsarin zagaya Santambul kyauta ga masu zangon awa 6 zuwa 24, ga wanda yake da izinin shiga Turkiyya. Ba kowane lokaci ake bin fasinja da wannan bayani ba. Sau da yawa za ka ga dattijo ya kwana a kan tayil, ya yi matashi da jaka, alhali takardar otal tana jiransa a wani tebur da bai san da shi ba. Tun a wajen awon kaya a Kano ko Abuja ake tambaya, a sake tambaya a teburin masu ratse bayan an sauka. Matambayi ba ya ɓata.

Jakar hannu ita ce gidanka na waɗannan sa'o'i, domin babbar jaka ba za ka sake ganinta ba sai ƙarshen tafiya. Magungunan hawan jini da na sukari a nan suke zama, tare da takardar likita. Haka caja, da kan soket mai shiga kowane irin rami, da batirin ajiyar caji, wanda dokar jirage ta hana a sa shi a babbar jaka. Buroshi, kaya canji ɗaya, silifas na alwala, ƙaramar darduma. Da rigar sanyi, ko da a watan Afrilu ka baro Sakkwato. Bole tana sama da mita 2,300 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin daren Addis yana sauka ƙasa da digiri 10. Ruwa da turare da man shafawa kada su wuce mililita 100 a kowace kwalba, dokar da ta samo asali daga makircin da aka bankaɗo a Landan a watan Agustan 2006. Gora marar komai a ciki tana wucewa, ka cika ta daga baya.

Da zarar ka sauka, kafin shayi, kafin kiran gida, gyara agogo. Addis Ababa tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, haka Doha da Santambul, Dubai kuwa da awa uku. Lokacin da aka rubuta a katin shiga jirgi lokacin garin da kake ne. Wayar da ba ta kama layi ba tana iya ci gaba da nuna maka lokacin Kano, ita da gaskiyarta. A Habasha akwai ƙarin tarko. Mutanen ƙasar daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, abin da muke kira ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wajensu. Allunan filin jirgi da lissafin duniya suke aiki, amma idan ka fita gari ka yi alkawari da direban tasi ya dawo ƙarfe uku, ku tabbatar uku ɗin wa kuke nufi. Kalandarsu ma wata goma sha uku ce, tana bayan ta Turawa da shekara bakwai zuwa takwas, don haka kada rasit ɗin shago ya ruɗa ka.

Bayan agogo, allo. Nemo lambar jirginka, ka taka da ƙafarka har ƙofar da aka rubuta, ka san nisanta. In ba a rubuta ƙofa ba tukuna, ka san inda allon yake. Daga nan ne hankali zai kwanta.

Musulmi yana da sa'a a wannan zama, domin salla ta riga ta yanka masa yini gunduwa-gunduwa. Wanda ke jiran awa goma sha huɗu a dunƙule yana jin kamar ba za su ƙare ba. Wanda ke jiran la'asar, sannan magariba, sannan lisha, gajerun jira ne a gabansa. Bole da Doha da Dubai da Alƙahira da Santambul duk suna da wuraren salla. Abin lura shi ne alƙibla. Mu da muka tashi muna fuskantar gabas, jiki yakan so ya juya can ko'ina muka je. A Addis Ababa Makka tana arewa ne, kusan saiti. A Doha tana yamma, ta ɗan karkata kudu. A Santambul kudu maso gabas, a Guangzhou yamma ta ɗan karkata arewa. Batun kasaru kuwa, a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48 ta halatta shi, kuma matafiyi bai fita daga hukuncin tafiya ba sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu. Mai zangon yini ɗaya matafiyi ne. Yadda ake haɗa salloli biyu, da yadda ake yi idan lokaci zai fita ana sama, a zauna da malami kafin a bar gida, ya fi a tsaya ana musu da baƙo a bakin famfon alwala.

Abinci a filin jirgi tsada gare shi a ko'ina a duniya, saboda hayar shago da kuma sanin cewa ba ka da wurin zuwa. Duk da haka, wanda ya zauna a Bole bai sha gahawa ba ya cuci kansa. Ƙasar ce mahaifar gahawa, suna kiranta buna, kuma ƙaramin kofi ɗaya ya isa ya buɗe ido. Ga mai shakkar yanka, Habasha tana da mafita mai kyau. Kiristocin Orthodox na ƙasar suna azumin barin nama da madara da ƙwai ranakun Laraba da Juma'a da wasu dogayen lokuta a shekara, saboda haka abincin azumi sananne ne a gidajen abincinsu: injera, wata faffaɗar waina mai tsami da ake yi da ƙwayar tef, da miyar shiro ta garin wake, da ganye da adas. Tsamin yakan ba baƙo mamaki a loma ta farko. Wanda kuma ya taho da kilishi ko dambun nama daga gida, idan Turai ko Amurka ya nufa, zango ne damarsa ta ƙarshe. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, Amurka ma tana ƙwacewa har da tara ga wanda ya ɓoye. Gara a buɗe ƙunshin a raba wa na kusa. Masu zuwa Umara su tuna goro ma ba ya shiga Saudiyya.

Jiki yana buƙatar tafiya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ya nuna cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yana ninkawa bayan zaman awa huɗu ko fiye a wuri ɗaya cikin tafiya. Haɗarin ƙarami ne ga mai lafiya, kamar mutum ɗaya cikin 6,000, amma ya fi haka ga mai ciki, da mai ƙiba, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Wanda ya sauka daga zaman awa biyar, zai shiga na awa goma, bai kamata ya cinye tsakaninsu a kujera ba. A zaga dogon zauren daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a sha ruwa, domin iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai. In ka ji numfashi yana ɗan sama-sama a matakala, tsayin garin ne, a rage sauri.

Barci shi ne abin da kowa ke so, shi ne kuma mai jawo asara. Akwai kujerun kishingiɗa a wasu sassan Bole, kuma suna cika da wuri. Akwai falon hutu na biya, mai abinci da wurin wanka, wanda a ganina ya cancanci kuɗinsa idan zangon ya haura awa shida kuma babu otal. In a fili za ka kwanta, fasfo da kuɗi da waya su kasance a jikinka, hannun jaka a ɗaure da naka, a saita ƙararrawa biyu.

Mafi kyawun maganin jira dai mutane ne. A irin wannan dare za ka ga tsohuwa mai zuwa Umara, katin shiga jirgi a hannu, tana leƙen fuskoki har ta ji harshen da ta sani.

"Ɗan nan, don Allah duba mini takardar nan. Jikana ya ce kada in tashi daga inda aka ajiye ni."

"Hajiya, ai an sauya muku ƙofa. Taso in raka ki, akwai 'yar tafiya."

"Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya."

A wajen 'yan kasuwa kuma zango makaranta ce. A nan sabon shiga yake jin wane gidan dakon kaya ne ke cika alkawari a Guangzhou, nawa ake auna kilo zuwa Kano, wace unguwa ce ke da abincin halal. Amma zumunci yana da iyaka ɗaya da ba a tsallakewa, ko da mai roƙon ya girme ka, ko da garinku ɗaya: ba a riƙe wa kowa jaka, ba a karɓar saƙo a kai wa wani. Saudiyya da Sin da Singafo suna yanke hukuncin kisa kan safarar miyagun ƙwayoyi, kuma akwai 'yan Najeriya da ke ɗaure a gidan yarin Kaliti na Addis Ababa kan irin wannan laifi. Kunya ta sa mutanenmu ba sa iya cewa a'a. A wannan wuri a koyi cewa, "Yi haƙuri Alhaji, ba na karɓar kayan kowa."

Wanda yake da izinin fita kuma zangonsa na rana ne, garin yana kusa, tsakiyarsa ba ta fi 'yan kilomita daga Bole ba. A Gidan Tarihi na Ƙasa ake adana ƙasusuwan da ake kira Lucy, waɗanda aka tono a Hadar a 1974, masana suka ƙiyasta shekarunsu miliyan 3.2. Akwai kasuwar Merkato da Masallacin Anwar a cikinta. Akwai hedikwatar Tarayyar Afirka, a garin da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a watan Mayun 1963, taron da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani suka halarta. Wuri ɗaya ya isa, biyu in an matsa. A dawo da saura awa uku, domin cunkoson motocin Addis ba ya duba tikitin kowa.

Wasu filayen sun mayar da jira sana'a. Hamad na Doha, wanda aka buɗe a 2014, yana da lambu a cikin gini. Changi na Singafo yana da gidan sinima kyauta, da lambun malam-buɗe-littafi, da ruwa mai zubowa daga rufi tsayin mita 40 a ginin Jewel da aka buɗe a 2019. Abin kallo ne, amma a san cewa hanyoyin an shimfiɗa su ne ta tsakiyar shagunan turare da agogo, kuma gajiyayyen mutum mai dala a aljihu saurin saye gare shi. Rashin haraji bai hana kaya tsada ba.

Duk tsawon zangonka, akwai ranar tashi a rubuce a hannunka. Mehran Karimi Nasseri, ɗan Iran, ya zauna a filin jirgin Charles de Gaulle na Faris daga 1988 zuwa 2006 saboda rikicin takardu, labarin da ya zama tushen fim ɗin The Terminal na 2004. Ya koma filin a ƙarshen rayuwarsa, a can ya rasu a watan Nuwamban 2022. Abin da ya raba mai jiran awa goma da mai jiran shekaru takarda ce, shi ya sa fasfo ba ya shiga aljihun kujera, ba ya zama a kan teburin shayi.

Awa ta ƙarshe ta fi sauran haɗari. Mai zangon minti hamsin a guje yake, hankalinsa a tashe, ba ya mantuwa. Mai zangon awa goma sha biyar ya saki jiki, ya yi sabo da kujerarsa, ya ɗauka lokaci ba ya ƙarewa. Ana sauya ƙofa ba tare da an nemi kowa ba. Filaye irin su Dubai da Singafo sun rage sanarwa ta lasifika, ba lallai a kira sunanka ba. Ana rufe ƙofar jirgi minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin lokacin tashi, wani wurin kuma akwai sabon bincike a bakin ƙofar, da layinsa. Wanda ya rasa jirgi da sakacinsa, kamfani yakan soke sauran tikitin gaba ɗaya, har da na dawowa gida. Idan saura awa ɗaya da rabi, mai karatu, tashi ka duba allo da idonka, ka je ƙofarka ka ƙarasa jiran a can.